Heinrich Barth, Bajamushen da ya zana biranen ƙasar Hausa

A ƙarshen watan Maris na shekarar 1853 wani ayari ya yada zango a Isa, garin da a wancan zamani ake kira Sansanin Isa, a bakin iyakar daular Sakkwato da ƙasar Gobir. A cikin ayarin akwai wani Bature mai shekaru 32 da haihuwa, wanda abokan tafiyarsa ke kira Abdulkarim. Sunansa na asali Heinrich Barth, kuma mutumin birnin Hamburg ne na ƙasar Jamus.

Ban da tsarabar da ya tanadar wa Sarkin Musulmi, kayan da ya fi ji da su cikin mangalarsa su ne littattafan da yake rubuta abin da ya gani a kowace rana, da takardun da yake zana siffar garuruwa da gine-gine a kansu. Daga waɗannan takardu ne aka samo hotuna masu launi na Kano da Sakkwato da Agadas da Tumbutu, waɗanda har yau ake sakawa a littattafan tarihi, alhali da yawa daga cikin gine-ginen da ke cikinsu sun riga sun koma ƙasa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Heinrich Barth ran 16 ga watan Fabrairu na shekarar 1821 a Hamburg, birnin da ya shahara da tashar jiragen ruwa da fatauci. Mahaifinsa ya taso ne cikin rashi, amma ya yi arziki ta hanyar kasuwanci, ya kuma ƙudiri aniyar bai wa ɗansa ilimin da shi bai samu ba.

Barth ya yi karatun sakandare a makarantar Johanneum da ke birnin. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun bayyana shi a matsayin yaro maras yawan abokai, mai naci a kan littafi, wanda tun a lokacin ya soma koyon Larabci da kansa. Wannan hali na kaɗaici da taurin kai ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya taimake shi a cikin hamada, ya kuma jawo masa saɓani da mutane a Turai.

A shekarar 1839 ya shiga jami'ar Berlin, inda ya yi karatu a wajen August Böckh, masanin tarihin Girkawa, da kuma Carl Ritter, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin labarin ƙasa na zamani. Ya sami digirin digirgir a shekarar 1844 da wani nazari kan harkokin cinikin tsohon birnin Korinti na ƙasar Girka.

Italiya da zamanin fentin ruwa

Bayan shekara guda a jami'a, Barth ya dakatar da karatu ya tafi Italiya, inda ya yi watanni tsakanin 1840 da 1841 yana yawo a biranen Venice da Florence da Rum, har zuwa tsibirin Sisili.

A wancan lokaci Italiya ce makarantar duk wani Bature mai sha'awar fasahar gine-gine. Na'urar ɗaukar hoto ba ta daɗe da fitowa ba, domin sai a shekarar 1839 aka bayyana ta ga jama'a a birnin Paris, ga ta da nauyi da wuyar sarrafawa. Saboda haka matafiyin da ke son komawa gida da siffar wani gini, dole ne ya zauna a gabansa da fensir da takarda, ko kuma da ɗan akwatin fentin ruwa, wato launin da ake damawa da ruwa a shafa a takarda da buroshi, ya bushe nan take.

Manyan majami'un Italiya na daga cikin abubuwan da masu wannan sana'a suka fi zanawa, musamman majami'ar San Marco ta Venice mai ƙubbobi biyar, da ta Florence wadda aka kammala katafariyar ƙubbarta a shekarar 1436. Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni akwai wani ɗan Ingila mai suna John Ruskin, wanda shi ma ya zagaya Italiya a daidai lokacin da Barth ke can. Daga bisani Ruskin ya shafe watanni a Venice yana auna ginshiƙai da tagogi yana zana su da fentin ruwa, saboda fargabar da yake yi cewa tsufa da gyaran ganganci za su shafe su. Littafinsa kan gine-ginen birnin ya fito ne tsakanin 1851 da 1853, shekarun da Barth ke ratsa ƙasar Hausa.

Shi Barth hankalinsa ya fi karkata ga kangayen Rumawan da. To amma a Italiya ne ya saba da ɗabi'ar da ta zame masa jiki, ta tsayawa a gaban gini ya ƙididdige tsawonsa da faɗinsa, ya duba abin da aka gina shi da shi, sa'an nan ya tambayi wanda ya gina shi da kuma dalili.

Daga 1845 zuwa 1847 ya yi wata doguwar tafiya ta gaɓar tekun Bahar Rum, daga Maroko zuwa Masar, da Sham, da ƙasar Turkiyya da Girka. A kusa da iyakar Libiya da Masar 'yan fashi suka far masa, suka ji masa rauni, suka kuma yi awon gaba da akasarin rubuce-rubucensa da zane-zanensa. Wannan hasara ta koya masa darasi. A tafiyarsa ta gaba ya riƙa kwafe bayanansa yana aikawa Turai ta hannun fatake a duk lokacin da ya sami dama.

Ƙetare hamada

A shekarar 1849 gwamnatin Birtaniya ta shirya tura wata tawaga zuwa ƙasashen da ke kudu da Sahara a ƙarƙashin James Richardson, da nufin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da kuma neman hanyar daƙile cinikin bayi. Aka nemi masana daga Jamus, aka sami Barth da Adolf Overweg, masanin duwatsu da ma'adinai. Su ukun sun tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850.

Tun kafin su yi nisa Barth ya kusa rasa ransa. A kusa da garin Ghat ya dage sai ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, duk da gargaɗin da Abzinawa suka yi masa cewa mazaunin aljanu ne. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ta kai shi ga tsaga hannunsa yana tsotsar jininsa, kafin wani Ba'abzine ya bi sawunsa ya tsinto shi. A wannan yanki ne kuma ya kwafi wasu zane-zanen shanu da mutane da aka sassaƙa a jikin duwatsu tun zamanin da hamada ke da ruwa da ciyawa.

A watan Oktoba na 1850 ya shiga Agadas, inda ya tarar ana bikin naɗin Sarkin Abzin Abdulƙadir. Ginin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne hasumiyar babban masallacin garin, wadda aka sake ginawa a shekarar 1844. Ya bayyana yadda take tsukewa daga gindi zuwa sama, da yadda aka jera itatuwan goriba a cikin ginin ƙasar suka leƙo waje ta kowane gefe, suna ƙarfafa ta, suna kuma zama matakala ga masu yaɓe. Hasumiyar mai tsawon mita 27 tana nan tsaye, kuma a shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Katsina da Kano

A watan Janairun 1851 matafiyan uku suka rabu a Damargu, kowa ya kama hanyarsa da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, inda Sarki Muhammadu Bello ya riƙe shi na wasu kwanaki a kan batun gaisuwa. Ya lura cewa ganuwar Katsina ta yi wa mutanen cikinta yawa ƙwarai, domin a ƙiyasinsa ba su wuce dubu 7 zuwa dubu 8 ba, bayan yaƙe-yaƙe sun karkatar da fatauci zuwa Kano.

Ya shiga Kano ran 2 ga watan Fabrairu, a zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo, yana fama da zazzaɓi da bashi. Da ya ɗan sami sauƙi sai ya hau dutsen Dala ya zana birnin daga sama: soraye da bukkoki a cakuɗe, ga itatuwan dabino da gwanda sun yi tsiri-tsiri a tsakaninsu. Ya kuma zana taswirar birnin da sunayen unguwanni da ƙofofi, har da tsarin gidan da aka sauke shi, daga zaure zuwa ɗakunan ciki da bene.

Ya ƙiyasta mazauna Kano a kan mutum dubu 30, adadin da kan ninka a lokacin da fatake suka cika gari da rani. Haka kuma ya yi lissafin cewa tufafin da masaƙa da marina na Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus.

Richardson bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya cikin watan Maris na 1851. Barth ya isa fadar Shehu Umar na Borno a farkon Afrilu, daga nan ya tafi Adamawa, ya ga kogin Binuwai ran 18 ga watan Yuni, amma Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe a Yola ba. Ya ziyarci Kanem da Bagarmi, ya kuma bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu, inda ya ga kamun bayi da yankan maza da idonsa ya rubuta. Rakiyar da ya yi wa wannan runduna ta jawo masa suka mai tsanani a Ingila daga baya. A watan Satumban 1852 Overweg ma ya rasu a gaɓar tafkin Chadi. Barth ya rage shi kaɗai, ya kuma yanke shawarar nufar yamma zuwa Sakkwato da Tumbutu.

Isa da dajin Gundumi

Domin fahimtar hatsarin hanyar da ya bi, sai an waiwayi halin da ƙasar Gobir ke ciki a lokacin. A shekarar 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka ja da baya zuwa arewa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su da yaƙi tare da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Bayan haka ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, kuma daga can ne dawakin Gobir da na Maraɗi suka ci gaba da kai hari kan Zamfara da hanyoyin da suka haɗa Sakkwato da Katsina da Kano.

Maganin da Sakkwato ta yi wa wannan barazana shi ne kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da manoma a ciki, a ɗora wani ɗan gidan Shehu a kansu. Isa na ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa, a kusa da gulbin Bunsuru, kuma tana hannun Aliyu Ƙarami ɗan Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi a shekarar 1866. Har yau sarautar garin Sarkin Gobir na Isa ake ce mata.

Barth ya bar Katsina ran 21 ga watan Maris na 1853 tare da ayarin Galadiman Sakkwato, domin babu mai bin wannan hanya shi kaɗai. Sun bi ta Kurfi da Zurmi da Badarawa, suna jin labarin motsin rundunar Gobir a kowane zango. Duk da zaman ɗar-ɗar da ake yi, ya rubuta cewa ya ga gonakin auduga da na albasa, da kasuwa cike da jama'a a Badarawa.

Game da Isa kuwa, ya bayyana cewa asalinta sansanin yaƙi ne kawai, kamar yadda sunanta ya nuna, amma kasancewarta ita kaɗai a gaban abokan gaba ya tilasta aka ƙarfafa ta har ta zama gari mai iya kare kansa. Wannan bayani na daga cikin tsofaffin shaidun gani da ido da ake da su a rubuce game da garin. A nan ne matafiya ke cika salkunansu da ruwa, domin daga Isa sai dajin Gundumi, wanda babu gari babu rijiyar da za a dogara da ita a cikinsa, ga shi kuma mafakar mahara. Hugh Clapperton, ɗan ƙasar Scotland da ya riga Barth zuwa Sakkwato, shi ma ya sha wuya a wannan daji a shekarun 1820.

Al'adar matafiya ita ce a ratsa Gundumi a tafiya ɗaya ba tare da sauke kaya ba. Ayarin su Barth ya ɓata hanya tun da farko, abin da ya ƙara musu nisa. Suka yini suna tafiya, suka kwana suna tafiya, ba a hura wuta ba, ba a ɗaga murya ba. Mutane suka riƙa faɗuwa saboda gajiya da ƙishirwa. Sai bayan sa'o'i 26 suka fito kusa da ƙauyen Gawasu, inda suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya kafa sansani yana shirin fita yaƙi da Gobirawa.

Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya amince da buƙatu biyu da Barth ya gabatar, wato takardar kariya ga 'yan kasuwar Ingila da za su shigo ƙasarsa, da kuma izinin wucewa zuwa Tumbutu.

A lokacin da Barth ya wuce, ba a kafa Sabon Birni ba tukuna. Sai bayan wasu shekaru ne Ɗan Halima, wani ɗan sarautar Gobir da ya raba gari da Tsibiri, ya dawo kwarin gulbin Rima ya kafa shi, ba da nisa da kufan Alkalawa ba. Amma Barth ya tattara labarin Gobirawa daga bakin mutane, ciki har da ruwayar da ke cewa sun zauna a ƙasar Abzin kafin su gangaro kudu.

Masallacin da ya rushe a Sakkwato

Barth ya yi fiye da wata guda a Wurno yana jiran dawowar Sarkin Musulmi daga yaƙi, kuma a cikin watan Afrilu ya kai ziyarar 'yan kwanaki Sakkwato. Ya zana taswirar garuruwan biyu da kuma kasuwar Sakkwato. Ya ga gidan da Clapperton ya rasu a ciki a shekarar 1827. Ya zauna da malamai irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya kuma karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu.

A nan ne ya ga abin da ke nuna bambancin ginin dutse da ginin ƙasa. A shekarar 1824 Clapperton ya tarar ana gina wani masallaci da Waziri Giɗaɗo ya ɗauki nauyinsa, ya kuma ba da labarin babban maginin, mutumin Zazzau, wanda mahaifinsa ya koyo sana'ar a Masar. Shekaru 29 kacal bayan haka, Barth ya iske masallacin ya zama kango.

Ginin tubali da azara, komai gwanintar wanda ya ɗaura bakansa, yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kusan kowace shekara. Idan mai shi ya rasu, ko fada ta ƙaura, kamar yadda Aliyu Babba ya fi zama a Wurno, damina kaɗan ta isa ta kai shi ƙasa. Majami'ar San Marco da Ruskin ya ji tsoron rasawa tana nan, kuma masu zane barkatai sun bar siffarta. Gine-ginen ƙasar Hausa na wancan ƙarni kuwa, sau da yawa shaidarsu ba ta wuce zanen mutum ɗaya ko 'yan layukan da ya rubuta ba.

Tumbutu da komawa gida

A Gwandu Sarki Halilu ya ƙi ganinsa, amma a can ne aka ara masa littafin Tarikh al-Sudan, ya yi kwanaki yana kwafar tarihin daular Songhai daga ciki. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, kuskuren da masana suka gyara daga baya, domin aikin Abdurrahman al-Sa'adi ne.

Ya ƙetare kogin Kwara a Say cikin watan Yuni, kuma a wannan ɓangare na tafiyar ne ya ɓoye addininsa na Kirista, ya fito a matsayin Balarabe mai kai wa shehun Tumbutu littattafai. Ya shiga Tumbutu ran 7 ga watan Satumba na 1853. Da asirinsa ya tonu, mahukuntan Masina suka nemi a miƙa shi ko a kore shi, amma Shehu Ahmad al-Bakka'i na ƙabilar Kunta ya tsaya masa tsayin daka har na tsawon watanni takwas, sa'an nan ya raka shi da kansa har Gao, inda Barth ya zana kabarin Askiya.

Ya sake biyowa ta Sakkwato da Wurno a damanar 1854 yana fama da atini. Da ya isa Kano a watan Oktoba sai ya tarar babu kuɗin da yake sa rai, domin labari ya bazu har Turai cewa ya mutu. Sai da ya ci bashi da ruwa ninki kafin ya ci gaba. A cikin wani daji a hanyar Kukawa ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, Bajamushen da aka turo daga Landan. Ya isa Tarabulus a ƙarshen Agustan 1855, ya kuma sauka Landan ran 6 ga watan Satumba, bayan tafiyar fiye da kilomita 15,000 cikin shekaru biyar da rabi.

Ya koma da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Dorugu da Abbega. Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, shi ne ya ba Fasto J. F. Schön labarai da tatsuniyoyin da suka fito a littafin Magana Hausa a shekarar 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Abbega kuwa ya zama sarkin Lokoja.

Hannun Bernatz a cikin hotunan

Littafin tafiyar Barth ya fito cikin juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, da Ingilishi da kuma Jamusanci, shafuka kimanin 3,500. August Petermann ne ya tsara taswirorinsa. Hotuna 60 masu launi da ke ciki kuwa aikin Johann Martin Bernatz ne, wani mai zane da aka haifa a Speyer a 1802, ya rasu a Munich a 1878.

Barth ba gwanin zane ba ne, abin da ya kawo zayyanar fensir ce da bayanai. Bernatz ne ya mayar da su cikakkun hotuna, aka zana su a kan faifan dutse mai santsi, aka shafa tawada aka buga a takarda, launi bayan launi. Bernatz ya taɓa zuwa Falasɗinu da Habasha, amma bai taɓa taka Afirka ta Yamma ba. Don haka masana ke jan hankalin mai kallo da ya rarrabe abu biyu. Siffar gari da wurin da dutse ko hasumiya ko ganuwa suke daga Barth suka fito, kuma ana iya gwada su da abin da ya rubuta. Hasken sararin sama, da yanayin tsayuwar mutane da raƙuma a gaban hoton, da wasu itatuwa, a nan ne hannun Bernatz ya fi yawa.

Duk da haka darajar hotunan ba ta ragu ba. Tsohon masallacin Juma'a na Kano an rushe shi an gina sabo a farkon shekarun 1950, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma sassa da dama na ganuwar birnin gidaje sun cinye su. Mai son sanin yadda Kano take daga kan Dala kafin zuwan kwano da siminti, hoton Barth na 1851 yake komawa.

Ƙarshen rayuwarsa

Littafin bai yi kasuwa ba. Masu karatu a Ingila sun fi son na David Livingstone, wanda ya fito a 1857, mai sauƙin karantawa. Na Barth cike yake da sunayen garuruwa da jerin sarakuna da farashin kaya, kuma yana nuna cewa Afirka na da tarihi rubutacce da malamai da tsarin mulki, abin da Turawan lokacin ba su shirya ji ba. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Birtaniya ta ba shi lambar zinariya, gwamnati ma ta ba shi lambar girmamawa, amma dangantakarsa da jami'an Landan ta yi tsami, ya tattara ya koma Berlin.

Sai a shekarar 1863 ya sami kujerar farfesa a jami'ar Berlin, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin. Ya ci gaba da tafiye-tafiye a ƙasar Turkiyya da yankin Balkan, yana kuma wallafa nazarinsa kan harsunan da ya koya, ciki har da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Songhai. Bai yi aure ba. Ya rasu a Berlin ran 25 ga watan Nuwamba na 1865 sakamakon ciwon ciki, yana da shekaru 44.

Ra'ayin masana a kansa ya kasu. Wasu na tuna cewa gwamnatin Birtaniya ce ta aiko shi, kuma bayanansa sun amfani Turawan da suka zo cin ƙasar bayan shekaru 50. Wasu kuma na nuni da cewa ya zauna da malamai a matsayin ɗalibi, ya yi magana da mutane da harshensu, ya kuma ambaci sunayen waɗanda suka ba shi labari. A shekarar 1962 A. H. M. Kirk-Greene ya tattara sassan littafin da suka shafi Najeriya ya sake buga su. Akwai cibiyar bincike mai ɗauke da sunansa a birnin Kolon na Jamus, kuma ana nuna wa baƙi gidajen da ya sauka a Agadas da Tumbutu.

A yankin da ya ratsa a 1853 kuwa, matsalar tsaron hanya ta sake dawowa. Ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni na daga cikin waɗanda suka fi shan hare-haren 'yan bindiga a jihar Sakkwato a farkon shekarun 2020. A watan Disamban 2021 an ƙona wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, inda mutane fiye da 20 suka rasa rayukansu, kuma sunan dajin Gundumi ya sake shiga labarai a matsayin wurin da matafiya ke tsoro. Wannan hali ya sa kai wa ga kufan Alkalawa da sauran wuraren tarihin Gobir domin aunawa da ɗaukar hoto ya yi wa masu bincike wuya, alhali kowace damina na rage abin da ya saura daga cikinsu.